Rakiyar Hafsa Zuwa Gidan Tanti Bona

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A layinmu na kasuwar Suleja, duk wadda ta zo sayen bokiti ko kwano sai ta zauna a bencina ta ce, "Hajiya Talatu, wai da gaske har ƙasar Benin kika je kallon fim?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a tsakanin ciniki, shi ya sa na ce bari in zauna in ba da shi tun daga farko, kowa ya ji.

Ni dai ba kallon fim ya fitar da ni ba, rakiya na yi. Hafsa 'yar yayana Sani ce. Ta yi karatun aikin jarida, ta dawo gida tana ɗaukar bidiyon biki da suna da kyamarar aro. A tsakanin bukukuwan nan ta haɗa wani ɗan fim nata na kanta, a kan matan unguwarmu da ke sammako su hau mota zuwa Abuja aikin shara da goge-goge a ofisoshi. Ta tura shi ta waya, sai ga gayyata daga garin Paraku na ƙasar Benin. Wasu mata ne ke taruwa duk shekara don tunawa da wata marigayiya mai shirya fim, Tanti Bona, kuma suna kiran 'yan mata masu tasowa a sana'ar su zo su nuna aikinsu.

Yaya Sani ya ce bai san zancen ba. An riga an samo wa Hafsa aiki a wani shagon buga takardu, ya fi son ta kama shi. Da ta matsa da roƙo, sai ya kira ni.

"Talatu, ke za ki je ki gano mini da idonki. In kin dawo kika ce shirme ne, magana ta ƙare."

Na ce to. A raina kuwa na riga na yanke cewa shirme ne, na dai ce ko ba komai zan ga gari.

Da damina muka tashi. Motar Ilorin muka shiga, aka cusa mu a kujerar baya. Hafsa ta rungume jakar kyamara kamar jaririya, ni kuma aka bar ni da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamarar a kai. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya zunguri wani bawan Allah da ke gabanmu a ƙeya. Tun yana waigowa yana cewa "Hajiya, a hankali," har ya gaji ya karɓe shi ya riƙe mana da kansa.

Mun wuce Lambata kaɗan muka tarar da tirela ta kwanta a tsakiyar hanya, motoci sun yi layi iya ganinka. Nan muka yi zaman da ban san iyakarsa ba. A zaman nan ne muka saba da wata Bayarabiya da ke gefena, Iya Rashida, mai fataucin busasshen kifi. Hausarta ta kasuwa ce, tana jan ta kamar roba, amma ba abin da ba ta iya faɗa. Ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa ta zuba mini a cinya, ta nuna Hafsa da baki.

"Wannan yarinya naka, me yana yi da wannan kaya?"

"Fim take yi."

"Shi ne yana rawa a ciki?"

"A'a, ita ce ke ɗauka."

Iya Rashida ta dubi Hafsa sama da ƙasa, ta ce da kyau, mai ɗauka shi ne oga. Ni ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Sai da yamma ta yi muka tsallake gadar Jebba, muka sayi soyayyen kifi ta taga. Kafin mu kai Ilorin magariba ta wuce. Mun yi niyyar neman masauki kusa da tasha, Iya Rashida ta ce ai ba a yi haka ba, ta kwashe mu sai gidanta. Surukarta ta fito ta zube gwiwa biyu a ƙasa tana gaishe ni, har na ji kunya don ba na jin ko kalma ɗaya. Aka kawo amala da miyar ewedu, wato dai lalo ce irin tamu, sai dai jar miyar da aka zuba a kai barkono ne zalla. Na yi loma biyu hawaye suka zubo. Iya Rashida ta ɗauka daɗi ne ya kama ni, ta ƙaro mini. Da safe ita da kanta ta kai mu tasha, ta damƙa mu a hannun direba, ta ja masa kunne da Yarabanci har sai da ya cire hula.

Daga Ilorin muka bi ta Saki, muka shiga ƙasar Barbawa, sai Cikanda, bakin iyaka. Ni da nake zaton zan ga katanga da ƙofa, sai na tarar da kasuwa ce kawai da sanduna a gicciye, da 'yan acaɓa suna ta kai da kawowa. An duba fasfo da katin rigakafi ba matsala. Ƙarfen nan mai ƙafa uku ne ya sake jawo mana tsaiko a ɓangarensu. Wani jami'i ya miƙe shi tsaye, ya zagaya shi, ya kira abokin aikinsa, su ma suka zagaya tare. Hafsa ta tattaro ɗan Faransancin da ta koya a waya tana ta bayani, shi kuma yana girgiza kai. Ni dai da na ga abin zai yi tsawo, sai na ce da Hausa, "Ɗana, ƙafar kyamara ce, ba ta harbi." Ashe yana jin Hausa sarai. Ya fashe da dariya ya ce, "Hajiya, ai da tun farko ke kika yi magana. Faransancin 'yarki ne ya rikita ni." Ya miƙo mana ƙarfenmu, muka wuce sai Nikki.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar nan shi ne mata a kan babur. Ba goya su aka yi ba, su ne ke tuƙi. Ka ga mace da goyo a baya, da kwando a gaba, ta sha ɗaurin kallabi tana murza babur hankali kwance, ba mai ko kallonta. A Suleja da ni ce na hau haka, kafin in kai kasuwa labari ya kai Tafa. Sai kuma burodinsu, dogo kamar taɓarya, mai tauri, ranar farko har ya yanke mini dasashi. Da rana kuma sai ka ga an rufe ofisoshi da manyan shaguna, wai an tafi cin abinci da hutawa, sai rana ta yi sanyi a dawo. Na ce lallai waɗannan ba su san haya ba.

A Paraku ba otal aka kai mu ba, gidan marigayiyar ne da kansa. Tsohon gida ne mai faɗin tsakar gida da bishiyar mangwaro. 'Yan mata sun zo daga wurare daban-daban, daga Togo, daga Nijar, daga garuruwan Benin, an shimfiɗa musu katifu a babban ɗaki. Ni kuma, saboda shekaruna, aka haɗa ni ɗaki da wata dattijuwa, Hajiya Azumi, Bahaushiyar zangon Paraku. Ita ce aminiyar Tanti Bona tun suna 'yan mata, ita ce kuma uwar taron. 'Yar siririya ce, da ƙyar take tafiya saboda ciwon gwiwa, amma in ta yi gyaran murya duk gidan sai ya yi tsit.

Da rana aka kawo sakwara da miyar gyaɗa, da wani cuku na nonon shanu mai jar fata da suke kira wagashi. Sakwarar nan ban taɓa cin mai laushinta ba. Muna ci ina tambayar Hajiya Azumi, don ni har lokacin ban san wace ce muka zo tunawa da ita ba.

"Hajiya, ita wannan Bona, fitacciya ce a talbijin?"

Ta yi dariya har ta ajiye lomarta. "Talbijin? Ko sau ɗaya ba a taɓa nuna fim ɗinta a talbijin ba. Sinima ma haka. Ai da yawan mutanen garin nan sun san ta ne a matsayin mai ɗaukar hoton fasfo."

Ta ba ni labari. Bona Babarba ce, ta koyi ɗaukar hoto a shagon wani kawunta. Da ta samu tsohuwar kyamarar bidiyo sai ta fara bin mata ƙauye-ƙauye, masu tsinkar auduga, masu dakan kaɗanya, zawarawan da aka kora daga gonar mazansu, tana ɗaukar abin da suke faɗa. A lokacin ƙasar tana hannun soja, ba a son irin wannan magana. An taɓa kwashe mata kaset, an tsare ta, an sake ta. Malamai sun yi wa'azi a kanta, fastoci ma sun yi. Mijinta ya gaji ya sake ta. Daga nan ta daina neman izinin kowa. Sai ta sa kaset a ƙasan kwandon doya, Hajiya Azumi ta ɗauki batirin mota a ka, su shiga gidan da aka gayyace su da hantsi, lokacin da maza suka fita. A toshe taga da bargo, mata su cika ɗaki, a kalla, a yi ta muhawara har lokacin ɗora tukunya.

"Wannan gwiwar da kike gani, batirin Bona ne ya cinye ta," in ji Hajiya Azumi. "Kuma da za ta dawo ta ce in ɗauka, wallahi sai in ɗauka."

Na tambaye ta ko gaskiya ne abin da Hafsa ta gaya mini, cewa matar 'yar gwagwarmayar 'yancin mata ce. Ta ce haka 'yan boko ke kiranta, kuma ba ta taɓa musawa ba. Ba ta da sauƙi, tana da faɗa, ta sha ɓata wa mutane rai, ita kanta Azumin sun taɓa yin shekara ba sa magana. Amma duk kuɗin da ta samu a hoton fasfo, a kan koya wa 'yan mata riƙe kyamara ya ƙare. Da za ta rasu ta bar wasiyya cewa kada a sayar da gidan nan, kada a kai kayan aikinta gidan tarihi, a riƙa ba yara mata aro.

Kashegari da hantsi aka buɗe taro yadda ita take yi. Aka rataya barguna a tagogi, aka yi mata addu'a, Musulmi suka yi tasu, Kiristoci suka yi tasu. Sannan aka saka wani tsohon fim ɗinta. Hoton ya dushe, yana rawa. Wata mata ce kawai zaune tana murza kaɗanya a kan dutse, tana magana da Barbanci. Hajiya Azumi ta matso kusa da kunnena tana fassara mini. Matar tana ba da labarin 'ya'yanta da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, da yadda kowa ya zo ya yi wa mijinta gaisuwa, ita kuma aka ce ta tashi ta dafa wa baƙi abinci. Ta yi shiru mai tsawo a tsakiya, hannunta bai daina murza ba. Na jira a yanke a koma wani wuri kamar yadda ake yi, ba a yanke ba. Kyamarar ta tsaya tana jiranta har ta ci gaba. Ni dai na sha kallon fina-finai, amma ban taɓa ganin wanda aka bar mace ta gama maganarta ba. Na tuna tawa 'yar da na binne tana wata bakwai, na ja mayafi na rufe fuska. Da aka cire barguna na ga ba ni kaɗai ba ce.

Bayan azahar aka kira 'yan matan da za su nuna nasu fina-finan washegari. Hajiya Azumi ta zauna a kujerarta, tana yi wa kowace tambaya ɗaya, wata malama tana fassarawa. Da aka zo kan Hafsa ta yi mata da Hausa.

"'Yata, matan da ke cikin fim ɗinki, duk sun gan shi?"

Hafsa ta ce sun yarda ta ɗauke su.

"Ba shi na tambaye ki ba. Yarda a ɗauke ka daban, ganin abin da aka ɗauka daban. Sun gani?"

Hafsa ta sunkuyar da kai. Ta ce biyu sun gani, ɗaya ba ta gani ba.

"To, a gidan nan ba a nuna fuskar mace sai ta ga kanta ta ce a nuna. Bona ta taɓa komawa wani ƙauye a ƙafa cikin ruwan sama saboda wannan. Ki nemi matar. In ta yarda, gobe ke ce ta farko. In ba ta yarda ba, kin sha hanya, kin ci sakwara, Allah Ya kai mu baɗi."

Wadda ba ta gani ba ɗin ita ce Mama Ifeanyi, maƙwabciyarmu, Inyamura ce da ta daɗe tana haya a unguwarmu har Hausa ta zauna a bakinta. Ita ce ƙashin bayan fim ɗin. Akwai wurin da take zaune a kicin ɗinta da tsohon zane, ta manta da kyamara, ta faɗi yadda mijinta ya tafi ya bar ta da yara, da yadda takan ce musu ta ci abinci a wurin aiki alhali ba ta ci ba. Tana faɗa tana kuka. Ni kaina sai a ranar na gani.

Neman ta ya zama aiki. Tana Abuja wurin shara, wayarta ƙarama ce ba ta bidiyo. Sai da muka samu wata abokiyar aikinta mai babbar waya, layi yana kamawa yana saki, Hafsa ta hau kan matakalar soro tana ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Da ƙyar fim ɗin ya tafi. Muka zauna jira. Can la'asar sai ga kira, Hafsa ta sa a sifika.

"Hafsa, my pikin, kin iya aiki. Na ga kaina ina shiga mota kamar 'yar fim. Amma wancan wuri na kicin, abeg, ki cire."

"Mama, wurin nan shi ne fim ɗin gaba ɗaya."

"Na sani. Amma Ifeanyi zai yi aure. Ki ce surukaina su ga ina kuka da tsumma a jiki, ina cewa ubansa ya gudu? Ni da ke nake magana ranar nan, ba da duniya ba."

"Mama, nan wata ƙasa ce, ba wanda ya san ki."

"Waya tana da ƙasa? Ki cire, my dear."

Layi ya yanke. Hafsa ta zauna a gindin mangwaro ta haɗa kai da gwiwa. 'Yan matan suka rabu biyu. Wasu na cewa ai irin wannan gaskiyar ce Tanti Bona ta sha wuya don a ji, in kowa ya ɓoye kukansa yaushe za a san halin da mata ke ciki? Wasu na cewa a rufe fuskar kawai. Aka juya ga Hajiya Azumi, ta ce ita ba za ta yanke wa kowa hukunci ba. "Fim ɗinki ne," ta ce wa Hafsa, "amma fuskarta ce, muryarta ce. Kuma ke ce za ki koma unguwar nan ki gaishe ta da safe."

Na je na zauna kusa da ita. Ta ɗago ido jawur.

"Gwaggo, wata nawa na yi ina bin matar nan kafin ta saki jiki da ni. In na cire, abin da ya rage mata ne kawai suna hawa mota. Za a yi mini dariya. Kuma ki koma ki gaya wa Baba shirme ne."

Na ce mata abin da zan gaya wa babanta nawa ne, ta bar ni da shi. Na ce ni ban san fim ba, amma na san Mama Ifeanyi, ita ta kwana da ni a asibiti lokacin da aka yi mini aiki.

Ta daɗe a zaune. Sannan ta tashi ta ɗauko kwamfutarta. Wata yarinya 'yar Togo mai suna Afi, wadda ba su da yaren da ya haɗa su sai nuni da hannu, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, suka yi ta yanka suna ɗinkewa. Da suka gama Hafsa ta sake turawa Suleja. Amsa ta zo a taƙaice: a nuna.

Washegari aka toshe tagogi aka saka fim ɗin Hafsa. Sai ga tashar Suleja a bangon wani gida a Paraku, ga matanmu da bokitai da tsintsiya suna rige-rigen kujera, ga kwandasta yana ihu. Matan ɗakin suka yi ta dariya wurin da Mama Ifeanyi ke koya wa wata sabuwar ma'aikaciya yadda ake barci a tsaye a cikin mota. Da aka zo kicin, an gan ta ta zauna, ta buɗe baki za ta yi magana, sai hoto ya tsallake zuwa safiya. Kowa ya ga tsallen, ba ya ɓoyuwa.

Da aka buɗe tagogi wata malamar jami'a ta ɗaga hannu ta tambaya, me matar za ta faɗa a wurin nan, don me aka yanke? Hafsa ta miƙe.

"Ta faɗa mini wata magana, daga baya ta ce in mayar mata da abinta. Na mayar."

Aka fassara. Sai wata tsohuwa daga cikin matan da Bona ta taɓa ɗauka ta rangaɗa guɗa. Hajiya Azumi ta miƙa hannu Hafsa ta taimaka mata ta tashi, kuma ba ta saki hannun ba har tsakar gida.

Akwai kyauta a ƙarshen taron, amma kada ku ce Hafsa ce ta ci, ba ita ba ce. Babbar kyamarar da ake ba da aro ta shekara, wata yarinya daga garin Jugu na Benin aka ba, wadda ta yi fim a kan mata masu fasa dutse, kuma ta cancanta. Amma ba wadda ta tafi hannu wofi. An haɗa kowace yarinya da wata babba a sana'ar da za ta riƙa duba aikinta. Hafsa an ba ta aron makirfon ɗin Tanti Bona, wani tsoho da aka naɗe wa hannu da tsumman atamfa, aka ce ta dawo da shi baɗi tare da sabon fim. Ranar da za mu taho Hajiya Azumi ta cika mini leda da wagashi, ta ce in zo mata da yajin Suleja, ta ji ana yabonsa.

Dawowa ba ta yi wuya kamar zuwa ba, in ban da wagashin da ya fara tsami tun kafin Mokwa, har direba ya tsaya yana duba ko wani abu ne ya mutu a but. Da muka iso na wuce wurin Yaya Sani ko gida ban shiga ba. Na ba shi labari kamar yadda na ba ku. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato ta yanke wurin da ya fi kyau, kuma ba ta ci komai ba?" Na ce haka ne. Ya ja carbinsa, can ya ce shagon buga takardun zai iya jira zuwa baɗi. Daga bakin Yaya Sani, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Hafsa kuwa ta yi kwanaki tana kauce wa ƙofar Mama Ifeanyi. Ba fushi take ba, kunya ce. Ran Lahadi bayan an taso daga coci, muna zaune a tsakar gidan Yaya Sani ina tsince shinkafa, sai ga sallama. Mama Ifeanyi ce, ta ci ado da zane biyu masu ƙyalli, ta kafa ɗaurin kai kamar zai taɓa rufi, ga murjani a wuya. Ta jawo kujera ta zauna a tsakiyar gida, ta gyara zama.

"Ina Hafsa? Ɗauko injinki."

Hafsa ta fito tana kame-kame. "Mama, ai na cire, wallahi na cire."

"Na sani kin cire, shi ya sa na zo. Maganar nan zan sake faɗa, duka, har da wanda ban gaya miki ba. Na tambayi Ifeanyi, ya ce in faɗa, ba abin kunya ba ne. Amma yau ni na zaɓi kayan da zan sa, kuma ba zan yi kuka ba. In ma na yi, ki bar shi."

Hafsa ta ruga ɗaki ta fito da kyamara da makirfon. Ta rasa wanda zai riƙe mata shi, ta dube ni. Na ture faifan shinkafa, na goge hannu a zane, na karɓa.

"Gwaggo, kusa da bakinta, kada ki motsa."

Hannuna ya yi tsami kafin matar nan ta kai rabin labarinta, amma ban sauke ba sai da ta gama.